Za mu tafi gida da mota a Disamba, ina so mu tsaya wurin wasan yara na Ibafo, ya kuke gani?

Baban Sadiq (Agege):

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an wuni lafiya, ya kasuwa ya zafin Ikko. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba bin hanya da iyali. In Allah ya kai mu hutun makaranta na Disamba ina so in kai yara Zariya su ga kakanninsu, kuma da motata za mu don kuɗin jirgi na mu duka ya fi ƙarfina yanzu, ita kuma babbar bas ɗin dare uwargida ta ce ba za ta iya da goyo ba, kuma gaskiyarta ne.

To yaran nan duk a nan Agege aka haife su, daga boko sai islamiyya sai gida, ni kuma tun asuba ina kasuwa sai bayan isha'i. 'Yan ajin babban sun je Hi-Impact, wurin wasan yaran nan na Ibafo, sun dawo suna ba shi labari, tun daga ranar ba su bar ni na sha ruwa ba shi da ƙannensa, kullum Baba yaushe Baba yaushe. Sai na ga tunda a bakin hanyar Badun yake, kuma dole ta nan za mu bi, me zai hana mu fita bayan sallar asuba mu tsaya su yi wasa kamar awa biyu ko uku, mu kama hanya mu kwana Ilori, washegari mu ƙarasa gida.

Babban shekararsa 12, mai bi masa mace ce 9, sai ɗan shekara 5, sai ta goye. Abin da nake son sani, lissafin nan nawa zai yiwu kuwa? Ana barin mutum ya shiga da abincinsa? Ya maganar sallah a irin wurin? Motar kuma za ta kasance cike da kaya da tsaraba har sama. Sannan ita macen da hijabi take yawo, mamanta na tsoron lilon nan masu juyawa da ƙarfi. Dan Allah wanda ya taɓa zuwa ko ya san hanya ya taimaka min. Na gode.

Direban Mile 12:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni kaya nake ɗaukowa daga arewa zuwa nan kasuwa, hanyar nan ita ce abincina, kuma zan gaya ma gaskiya tsakani da Allah lissafin nan ba zai fita ba. Ba wai tsayawar ce laifi ba, awa ukun ce babu ita.

Na farko irin wuraren nan ba sa buɗe ƙofa da asuba sai hantsi ya yi, kai kuma daga Agege ka fito Berger ka wuce Kara ka hau doguwar gada ka sauka, ai ka kusa Ibafo kenan, in babu gosulo ba wata tafiya ba ce. Ka ga ka tashi yara tun da duhu a banza, kun zo kun zauna a mota kuna jiran a buɗe, sanyin safiyar da direba ke cin hanya da shi ya tafi. Na biyu yaron da ya shekara yana roƙon a kai shi wuri, ka ce masa ƙarfe ɗaya ya fito? Sai dai ku fito da kuka. In kun yi sauri sosai la'asar ce za ta fitar da ku.

To daga nan zuwa Badun titi ya yi kyau yanzu, duka tsawonsa daga Legas kilomita 127 ne, wannan ba matsala. Matsalar bayan Badun take. Tsakanin Oyo da Ogbomosho tirela da tanka ne ke mulki, ga kwana ga hawa da gangara, kuma a Disamba kafin bakwai duhu ya rufe. Kai da ka wuni a rana kana bin yara daga wannan lilo zuwa wancan, ƙafa ta gaji ido ya yi nauyi, sai ka shiga cikin manyan motoci da daddare suna haske ka da fitila, da mace da goyo a baya? A'a Alhaji. Mu da muke sana'ar ma muna da yaron mota da ke hira da mu don kar barci ya sace mu.

Abin da zan ce, ka ba wurin wasan ranarsa guda cif, ka sa shi a lissafin kwanakin tafiya. Ranar farko wasa, ku kwana Badun, akwai 'yan'uwanmu a Sabo kusa da Mokola, ga masallaci ga tuwo ga mai shayi, ba za ka ji baƙunta ba. Rana ta biyu ana idar da asuba ka tada mota, Oyo, Ogbomosho, Ilori, ka haye gadar Jabba, Makwa, Bida, inda la'asar sakaliya ta same ka a gari babba ka nemi masauki kar ka ce bari in ƙara kaɗan. Rana ta uku Suleja, Kaduna, sai Zariya da rana tsaka. Tafiyar da ta kusa kilomita 1000 da ƙananan yara ba a yi mata gaggawa.

Sannan ka kula da ranar fita. Manyan coci-coci suna da sansaninsu a kan titin nan, na Redeem yana kilomita na 46, suna taron dare duk Juma'ar farko ta wata, kuma suna da babban taro na mako guda a Disamba, na Mountain of Fire kuma yana nan Magboro suna taro Asabar ɗin farko ta wata. Ranakun nan mota takan yi yawa sosai daga Berger har Mowe. Haka daga 23 ga wata zuwa 26 kowa na barin Legas. Ka zaɓi tsakiyar mako.

Maman Hanan:

Salam Baban Sadiq, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da ka tuna da yaran, don da yawa iyayenmu maza a garin nan neman kuɗi ya hana su ganin girman 'ya'yansu. Mun je da namu kuma har yau suna maganar. Maganar hanya na bar wa malam direba, ni ta cikin wurin zan faɗa ma, ka nuna wa maman yara ta karanta da kanta.

Abu na farko ka kira su ko ka duba shafinsu kafin ranar, ka ji ranakun da suke buɗewa da ƙarfe nawa da kuɗin tikiti, don farashi ba ya zama wuri ɗaya musamman lokacin biki. Ka tambaya da kyau wane tikiti ne na shiga kawai, wane ne ya haɗa da hawa abubuwa, kuma guda nawa, don nan ne mutane ke shan mamaki, an biya a get an shiga sai yaro ya nuna abu a ce wannan da kuɗinsa daban. Ita maman yara in ba hawa za ta yi ba na shiga kawai ya ishe ta. Ka riƙe kati ka kuma riƙe tsabar kuɗi, kowa ya san halin netwok ranar da mutane suka yi yawa.

Na biyu shi ne ɗan shekara 5 ɗin nan, shi ne zai fi ba ku aiki ba jaririyar ba. Manyan lilo da tsawo ake hawa ba da shekara ba, za ka ga ma'auni a bakin layi, yaro ya tsaya a jikinsa in kansa bai kai alamar ba ba za su bar shi ba ko ka roƙa, kuma daidai ne don bel ɗin da ƙarfen da ake saukewa a cinya ba za su riƙe ƙaramin jiki ba. Nawa ƙaramin sai da ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa yana miƙe wuya wai ko zai kai, mai kula da wurin ya dafa kansa ya ce sai baɗi, yaron nan ya zauna a ƙasa ya ɓare baki yana kallon yayyensa suna tashi sama. Tun daga gida ku fara gaya masa cewa akwai nasa na musamman, dokin nan mai zagayawa da ƙaramin jirgin ƙasa da gidan tsalle, kuma ku fara kai shi nasa kafin manyan su hau nasu. In ya riga ya more ba zai damu sosai ba.

Maganar hijabi kuwa mamanta ta yi tunani mai kyau. Babu wanda zai ce ta cire, mu da namu muka hau komai. Amma dogon nan mai jan ƙasa ko gyale mai yawo a bar shi a jaka lokacin hawa, a sa mata ƙarami wanda ya tsaya a ƙirji a cusa bakinsa cikin riga, da dogon wando a ƙarƙashin doguwar riga don iska na ɗaga kaya. Inda ya fi haɗari ƙananan motocin tseren nan ne, injinsu da ƙarfen da ke juya taya a bayan kujera suke, duk abin da ya sauko baya zai iya naɗewa. A wani wurin wasa daban, ba wannan ba kuma ba zan kira suna ba, a gabana bakin gyalen wata budurwa ya shiga, Allah ya taimaka ba ta ɗaure shi a wuya ba yafawa kawai ta yi sai ya zame ya bar ta, aka ciro shi duk baƙin mai ya yayyage. Tun ranar ba na wasa da wannan. Takalmi ma mai rufi ko mai maɗauri, silifas faɗowa yake daga sama.

Sai tsarin wunin. Ku fara da na waje masu juyi tun rana ba ta yi zafi ba kuma ciki ba a cike ba, don yaron da ya ci shinkafa ya sha ayis kirim ya hau abin da ke juya shi kun san abin da zai biyo baya. In rana ta take kujerun ƙarfe da na roba zafi suke kamar kaskon suya, lokacin sai ku shiga na cikin ɗaki inda ake buga gem da motocin karo, ku ci abinci ku yi sallah ku huta, da yamma ku hau babban lilon nan mai siffar taya, shi a hankali yake tafiya har maman yara za ta iya. 'Yata da ta fi kowa tsoro ta ƙanƙame hannuna ido a rufe har muka kai can ƙoli, da ta buɗe ido ɗaya ta hango rufin gidaje da motoci 'yan mitsi-mitsi sai ta sake ni ta fara ƙirga su, da muka sauko ita ce ta ce a sake.

Abinci kuma yawancin irin wuraren nan sun fi son ka saya a ciki, to ka tambaya a wayar da za ka yi. Ni abin da nake yi, in cika su da karin kumallo mai nauyi a gida da wuri, in bar kula da dambun nama da ruwa a but, in an fito a ci. Abincin jaririya da fulas ɗinta dai ki riƙe a jaka maman yara. Ki rubuta lambar wayar babansu a takarda ki sa a aljihun kowane yaro, ki nuna musu wuri ɗaya ki ce duk wanda bai gan mu ba ya zo nan ya tsaya kar ya bi kowa. In da hali ku tafi da ƙanwarki ko wata babba, don mutum ɗaya zai zauna da goyo, ɗaya ya bi manya, to wa zai bi ƙaramin? Sannan leda da tsumma da kayan canji su kasance kusa ba a ƙasan kaya ba, bayan lilo in aka shiga mota wani yaron sai amai.

Abu Ammar (Idi-Araba):

Ni fa jama'a ban ga dalilin haɗa abu biyun nan ba, taura biyu ba ta taunuwa. Yaya Baban Sadiq kai da kake Agege, Ibafo ai bayan gidanka ne, duk da a jihar Ogun yake. Ka ware rana guda kafin tafiya ko bayan kun dawo, ku je da mota ba kaya, ku wuni ku dawo ku kwana a gadonku. Mota da buhu da akwati ɗaure a sama ka ajiye ta a fakin tun safe har yamma, ko da masu gadi hankalinka rabi na wurin yara rabi na wurin mota, wane jin daɗi kenan. Ga kuɗin otal na ƙarin kwana ɗaya wanda da shi za ka ƙara wa yaran tikiti.

In kuma so kake lallai su ga wani abu a hanya, to ku fita da asuba yadda ka tsara ku isa Badun da hantsi ku shiga Agodi Gardens kusa da sakatariya. Tsohon wuri ne tun 1967, ambaliyar kogin Ogunpa ta 1980 ta lalata shi, aka gyara aka sake buɗewa a 2014, akwai inuwar bishiyoyi da tafki da wurin wasan yara, awa biyu ta isa kuma babu wanda zai yi kukan fita kamar na wurin lilo. Ko gidan zu na jami'ar Badun su ga namun daji. Kafin azahar kun kama hanyar Ilori da ranarku a sama.

Kuma a cikin Legas ɗin ma akwai wurare, akwai na Apapa, akwai Dreamworld a hanyar Lekki zuwa Epe, akwai Omu Resort can Bogije. Babban naka in mai son daji ne ka kai shi Lekki Conservation Centre wata rana, tun 1990 yake, hekta 78 na daji a tsakiyar gine-gine, ga birai na yawo a kan hanya, ga gadar igiyar nan ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401, sai dai ita ba a barin ƙanana su hau.

Maman Hanan:

Abu Ammar maganarka akwai hankali a ciki, amma ka san masu kasuwa, ranar da aka ce za a ware ba ta zuwa, yau kaya sun iso gobe kwastoma ya kira. Tunda ya riga ya rufe shago don tafiya, ranar nan ce kawai yake da ita a hannu. Kuma Agodi daban lilo daban, yaron abin da 'yan ajinsu suka hau yake so ya hau shi ma ya samu na faɗa.

Malam na Alaba Rago:

Assalamu alaikum. Maganar sallah da ka tambaya Alhaji, ka sa darduma biyu da buta a inda hannu zai kai, ka tambayi ma'aikata inda ake sallah, a ƙasar Yarbawa duk inda ka shiga za ka samu musulmi a cikinsu. In ma babu ɗaki na musamman, ko'ina mai tsarki ya yi, a gefen mota ma sai a shimfiɗa.

Tunda da niyyar tafiya Zariya ka fito, kai matafiyi ne da zarar ka bar gine-ginen gari, nisan kasaru a wurin malamanmu na Malikiyya mil 48 ne kuma taka ta ninka haka sau da yawa. Azahar da la'asar da isha'i raka'a biyu-biyu, magariba da asuba yadda suke. In kun isa gida da niyyar zama kwana 4 ko fiye sai ka koma cikawa. In kuwa shawarar Abu Ammar ka bi, kuka je Ibafo kuka dawo Agege, to babu kasaru a wannan, cikawa za ku yi. Ka sa babban ya tsaya a gefenka ku yi tare, ya ga cewa ko a wurin wasa in lokaci ya yi ana barin komai. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Baban Sadiq (Agege):

Amin amin Malam, na gode ƙwarai. Jama'a Allah ya bar zumunci, wallahi ban zaci zan samu bayani haka ba. Mun zauna da uwargida ta karanta na Maman Hanan har ta ce a gaishe ki, ta riga ta ce ƙanwarta da ke Ijora za ta bi mu tunda ita ma tana son zuwa gida. Na janye maganar kwana Ilori, Badun za mu kwana. Abu Ammar ka yi haƙuri, yadda Maman Hanan ta faɗa haka ne, in ban yi shi a cikin tafiyar nan ba wata shekarar za ta sake zagayowa. Amma maganar kaya da ka yi ta shige ni, zan ba wa masu motar kaya na unguwarmu buhunan tsaraba su yi gaba da su, mu tafi da akwatunan sawa kawai a cikin but babu komai a sama.

Malam direba saura tambaya ɗaya, ƙarfe nawa ya kamata in fitar da su daga wurin komai daɗin wasa, kuma me zan duba a motar kafin ranar?

Direban Mile 12:

Ƙarfe huɗu ka kasance a kan sitiyari Alhaji, huɗu da rabi in ta yi yawa, ka shiga Badun da sauran haske ka nemi masauki ido na ganin ido. Ka gaya wa yaran lokacin tun da safe, in ya rage rabin awa ka ce kowa ya zaɓi na ƙarshe. Masaukin ma gara ka sa wani ɗan'uwa a Sabo ya kama maka tun kafin ranar, mai fakin a cikin gida, don Disamba ɗakuna na ƙarewa.

Mota kuma ka kai ta wurin bakanike mako guda kafin tafiya ba ana gobe ba, don in an taɓa wani abu ka samu kwanakin gwada ta a cikin gari. A canza baƙin mai, a duba birki da lagireto da fanbel da fitilu da waifa, tayoyi duka har safaya a sa musu iska, jak da sifanan taya su kasance a ciki. Takardun mota da lasin da abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku ka ajiye su inda ba sai an sauke kaya ba, 'yan rod sefti na tambaya. Ka cika tanki a Badun da daddare, ka sake cikawa a Ilori kafin ka gangara Jabba. Ka sa wa yara rigunan sanyi a kusa, daga Makwa zuwa gaba da asuba hunturu ne sosai ga hazo, 'yan Legas ba su san shi ba.